BABI NA UKU: KAƊA ƘARARRAWAR MAJAMI'A A INGILA DA MATSAYIN HUKUMOMIN DA KE KULA DA ITA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan fasahar kaɗa ƙararrawar majami'a kamar yadda ake yin ta a ƙasar Ingila, tare da duba hukumomin da ke da ta-cewa a kanta. An zaɓi wannan fasaha ne domin tana fito da bambancin da ke tsakanin hukuma iri biyu waɗanda sau da yawa akan ɗauke su abu guda. Iri na farko ita ce hukumar da doka ta kafa, ta ba ta ikon ba da izinin aiki da kuma ƙwace shi. Iri na biyu kuwa ita ce wadda masu fasaha suka kafa da kansu, wadda ƙarfinta bai wuce amincewar da suka yi mata ba. Makaɗan ƙararrawa na Ingila suna da majalisa irin ta biyu tun shekarar 1891. Babin zai nuna abin da wannan majalisa ke iya yi, da abin da ya fi ƙarfinta, da kuma ƙofofin da dokar ƙasa ke bi ta shiga hasumiyar majami'a ba tare da neman izinin majalisar ba.

3.1 Ma'anar Hukumar Kula da Sana'a

Idan aka ce hukumar kula da sana'a, ana nufin wata majalisa ta ƙasa wadda aka ɗora wa nauyin tabbatar da cewa masu yin wata sana'a sun cancanta, kuma ba za su cuci jama'a ba. A Birtaniya babban misalin irin wannan hukuma shi ne Babbar Majalisar Likitoci, wadda Dokar Likitanci ta 1858 ta kafa, kuma a yau take aiki a ƙarƙashin dokar 1983. Ayyukanta sun haɗa da ajiye rajistar likitoci, da tsara matakin ilimin da ake bukata kafin a shiga rajistar, da binciken ƙorafi, da kuma gurfanar da likitan da ake zargi gaban kwamitin da ke da ikon cire sunansa. Duk wanda ya yi ƙaryar cewa sunansa na cikin rajista ya aikata laifi a idon doka.

Haka abin yake ga ma'aikatan jinya da ungozoma, waɗanda aka sabunta majalisarsu a 2002, da masu zanen gine-gine, waɗanda dokar 1997 ta hana wanda ba shi da rajista amfani da sunan sana'arsu. Hatta masu sanya wa dawaki takalmin ƙarfe suna da majalisar rajista ta ƙasa bisa dokar 1975, kuma laifi ne wanda ba ya cikinta ya yi wannan aiki. Bayan waɗannan akwai hukumomin da ke sa ido a kan ayyukan da ake yi wa jama'a, kamar Ofwat mai kula da kamfanonin ruwa tun 1989, da Ofsted mai duba makarantu tun 1992, da Ofcom mai kula da harkokin sadarwa tun 2003. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin majalisar likitoci da aka kafa a 1963 da ta injiniyoyi da aka kafa a 1970 duk a kan wannan turba aka gina su.

Daga waɗannan misalai za a iya fitar da siffofi uku na hukumar da doka ta kafa. Na farko, Majalisar Dokoki ce ta ba ta iko. Na biyu, tana da rajista wadda shiga cikinta wajibi ne. Na uku, tana iya hukunta wanda ya saɓa. Da waɗannan siffofi uku ne za a auna majalisar makaɗan ƙararrawa.

3.2 Yadda Ake Kaɗa Ƙararrawa a Ingila

Kafin a yi maganar hukuma, ya kamata a fahimci abin da ake kula da shi. A yawancin ƙasashen duniya ana kaɗa ƙararrawar majami'a ne ta hanyar yin ɗan lilo da ita, ko kuma a buge ta da guduma tana rataye. A Ingila kuwa an ɓullo da wata hanya ta daban tun wajen farkon ƙarni na 17. Ana ɗaure kowace ƙararrawa a jikin wani gungume mai juyawa, a gefensa kuma akwai babban gargare na katako wanda igiya ke naɗe a kansa. Igiyar tana ratsa rufi ta sauko ɗakin da makaɗa ke tsaye a da'ira, kowane mutum da igiyarsa guda. Kafin a fara kiɗa sai a yi ta lilo da ƙararrawar har bakinta ya koma sama. Daga nan duk jan igiya ɗaya zai sa ta yi juyi cikakke, ta yi ƙara sau ɗaya, ta sake tsayawa baki sama. A wannan tsayuwa ne makaɗi ke samun damar riƙe ta na ɗan lokaci ko ya gaggauta dawo da ita, wato ya jinkirta ƙararta ko ya hanzarta ta.

Hasumiya ɗaya takan ƙunshi ƙararrawa shida ko takwas, wasu goma ko goma sha biyu. Nauyinsu ya bambanta ƙwarai. Mafi girma a cikin na babbar majami'ar Liverpool ta haura tan huɗu, kuma igiya ɗaya ce ke sarrafa ta. Saboda juyi ɗaya yana cin kimanin daƙiƙa biyu, ba ya yiwuwa a fitar da karin waƙa da irin waɗannan ƙararrawa. Abin da ake yi shi ne sauya jerin da suke bi wajen yin ƙara. Wannan shi ne za a kira kiɗan sauyi a cikin wannan babi. Ana ba kowace ƙararrawa lamba, daga mai siririyar murya zuwa mai kauri. Ƙa'ida ita ce, daga jeri zuwa jeri ƙararrawa ba ta matsawa fiye da gurbi ɗaya. Idan ƙararrawa uku ce, jerin zai kasance kamar haka:

123, 213, 231, 321, 312, 132, 123

Ke nan ƙararrawa uku na ba da jeri 6. Huɗu na ba da 24, biyar 120, shida 720, bakwai 5,040, takwas kuma 40,320. Idan aka kai goma sha biyu, adadin ya zama 479,001,600, wanda kaɗa shi duka zai ci fiye da shekara talatin ba tsayawa. Hanyar da ake bi a ratsa waɗannan jeri ba tare da maimaita ko ɗaya ba ita ake kira salo, kuma kowane salo yana da sunansa. Makaɗi yakan haddace hanyar da ƙararrawarsa ke bi a cikin salon, domin ba a yarda ya riƙa duba takarda ba.

Babban gwajin ƙwarewa shi ne dogon zango, wato kaɗa jeri dubu biyar ko fiye a tsayuwa ɗaya, ba hutu, ba maimaici, ba musanya makaɗi. Yakan ɗauki kimanin sa'a uku. Dogon zango na farko da aka tabbatar da shi a rubuce an yi shi ne a majami'ar St Peter Mancroft da ke birnin Norwich ranar 2 ga Mayu, 1715. A watan Yuli na 1963 wasu mutum takwas sun kaɗa dukkan jeri 40,320 a garin Loughborough cikin sa'a 17 da minti 58.

Abin lura a nan shi ne, yawancin masu wannan aiki 'yan sa-kai ne. In ban da ɗan abin da akan ba su idan sun yi kiɗan ɗaurin aure, ba da shi suke ci da kansu ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa matsayinsu a gaban doka ya bambanta da na likita ko lauya.

3.3 Tarihin Ƙungiyoyin Makaɗa

Tun farko makaɗa sun riƙa haɗuwa cikin ƙungiyoyi masu zaman kansu. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa da ke nan har yau ita ce ƙungiyar College Youths ta birnin Landan, wadda aka kafa a 1637. A 1668 aka buga littafi na farko a kan wannan fasaha mai suna Tintinnalogia, wanda Richard Duckworth ya rubuta tare da taimakon Fabian Stedman. Shi Stedman ɗin ya fitar da nasa littafin, Campanalogia, a 1677, kuma har yanzu ana kaɗa wani salo da ke ɗauke da sunansa.

A ƙarni na 18 da farkon na 19 kiɗan ƙararrawa ya fi kama da wasan motsa jiki fiye da hidimar addini. Makaɗa sukan yi gasa tsakanin ƙauye da ƙauye, sukan yi kiɗa don murnar sukuwar dawaki ko cin zaɓe, sukan kuma shigar da giya cikin hasumiya. Da yawa daga cikinsu da sun gama kiran jama'a zuwa ibada sai su sauko su yi tafiyarsu. Wannan hali ya dami limaman majami'u. Ɗaya daga cikinsu, Henry Thomas Ellacombe na ƙauyen Bitton, ya ƙirƙiro wata na'ura ta igiyoyi da guduma a 1821, wadda ke ba mutum ɗaya damar buga dukkan ƙararrawa, don ya huta da rigimar makaɗa. Daga baya shi da wasu limamai suka jagoranci yunƙurin da aka sani da gyaran hasumiya, wanda manufarsa ita ce a mayar da makaɗa ma'aikatan majami'a masu ladabi.

Sakamakon wannan yunƙuri shi ne kafa ƙungiyoyin yanki, waɗanda sau da yawa limami ke shugabanta. An kafa ta Devon a 1874, ta Yorkshire a 1875, ta dayosis ɗin Oxford kuma a 1881. Da ƙungiyoyin suka yi yawa sai saɓani ya taso a kan ƙa'idoji. Abin da wannan yanki ya karɓa a matsayin dogon zango, wancan ya ƙi shi, kuma salo ɗaya yakan sami suna biyu. Wannan ruɗani shi ya haifar da bukatar majalisa guda.

3.4 Babbar Majalisar Makaɗan Ƙararrawa

Wanda ya fi kowa ƙoƙari wajen kafa majalisar shi ne Sir Arthur Heywood (1849–1916), wani attajiri daga yankin Derbyshire, wanda kuma ya yi suna wajen ƙera ƙananan jiragen ƙasa. A lokacin akwai masu son a kafa ƙungiya ɗaya ta ƙasa wadda za ta mamaye sauran. Heywood ya ga cewa ƙungiyoyin yanki ba za su yarda su miƙa 'yancinsu ba, don haka ya ba da shawarar a kafa majalisar tuntuɓa wadda kowace ƙungiya za ta aika da wakilanta. An yi zaman farko a Landan a lokacin bikin Ista na 1891, kuma shi ya shugabance ta har rasuwarsa.

A yau ƙungiyoyi fiye da sittin ne ke da wakilci a majalisar. Ba a Birtaniya da Ayalan kaɗai suke ba, akwai na Ostireliya da New Zealand, da Arewacin Amurka, da Afirka ta Kudu, wato wuraren da Turawan Ingila suka kai wannan al'ada. Duk da haka mafi yawan hasumiyoyin, fiye da dubu biyar, a Ingila suke.

3.4.1 Ayyukan Majalisar

Babban aikin majalisar shi ne daidaita ma'auni. Ita ke fayyace sharuɗɗan dogon zango, da yadda ake rarraba salo da raɗa masa suna, kuma tana ajiye kundin dukkan salon da aka taɓa kaɗawa. An sabunta waɗannan ƙa'idoji a 2019, bayan garambawul ɗin da aka yi wa tsarin mulkin majalisar a 2018. Haka kuma tana da ɗakin karatu, tana buga littattafan koyarwa, tana ba majami'u shawara a kan gyaran ƙararrawa da rage ƙara, tana kuma kula da jagoran hasumiyoyi wanda Ronald Dove ya fara bugawa a 1950. Bugu da ƙari tana da alaƙa ta kusa da mujallar mako-mako mai suna The Ringing World, wadda ke fitowa tun 1911, inda ake buga sunayen waɗanda suka yi dogon zango, da salon da suka kaɗa, da tsawon lokacin da suka ɗauka.

Wani abin sha'awa shi ne, a dogon zango na yau da kullum ba a tura alƙali. Makaɗa ne da kansu ke ba da rahoton abin da suka yi. Idan daga baya aka gano cewa an maimaita jeri ko da guda ɗaya, jagoran kiɗan yakan sanar da janye shi, ko da an yi shekaru. Sai a zango masu tsawon gaske da ake son kafa tarihi da su ne ake bukatar masu sa ido. Ke nan ginshiƙin tsarin gaba ɗaya shi ne gaskiya da gudun abin kunya a tsakanin 'yan'uwa.

3.4.2 Iyakar Ikon Majalisar

Idan aka auna majalisar da siffofi ukun da aka kawo a 3.1, za a ga ba ta cika ko ɗaya ba. Babu wata dokar ƙasa da ta kafa ta. Matsayinta a doka shi ne na ƙungiyar jinƙai mai rajista, wanda ke nufin ita ma tana ƙarƙashin Hukumar Kula da Ƙungiyoyin Jinƙai. Ba ta da rajistar da ta wajaba makaɗi ya shiga, kuma mutum na iya shekara hamsin yana kiɗa ba tare da ya shiga wata ƙungiya ba. Har ila yau ba ta da ikon hana kowa taɓa igiya. Iyakar abin da za ta iya shi ne ta ce abin da aka kaɗa bai cika sharuɗɗanta ba. Hatta ta fuskar koyarwa, ƙungiyar malaman kiɗan ƙararrawa da aka kafa a 2012, wadda ke da manhaja mai mataki biyar da takardun shaida, shiga cikinta ganin dama ne.

3.5 Ƙofofin da Doka ke Bi ta Shiga Hasumiya

Rashin ikon majalisar bai nuna cewa makaɗa na yin abin da suka ga dama ba. Akwai hukumomi masu ikon doka da ke da hannu a cikin lamarin, sai dai kowace ta ɓangaren da ya shafe ta take shigowa.

3.5.1 Ikilisiya

Ƙararrawa dukiyar majami'a ce, makaɗa ba su mallake ta ba. Ikilisiyar Ingila kuwa ikilisiyar hukuma ce, don haka dokokinta wani sashe ne na dokar ƙasa. Ƙa'idarta mai lamba F8 ta tanadi cewa kowace majami'a ta kasance da aƙalla ƙararrawa ɗaya don kiran jama'a, kuma ba za a kaɗa ta ba idan limami ya hana. Wannan na nufin shugaban hasumiya, komai ƙwarewarsa, da yardar limami yake riƙe da mabuɗi. Idan kuma ana son a narkar da tsohuwar ƙararrawa, ko a ƙara sababbi, ko a sauya katakon da ke ɗauke da su, dole a nemi takardar izini daga kotun ikilisiya ta dayosis, bayan kwamitin ba da shawara ya duba. Wannan kariya na da muhimmanci domin akwai ƙararrawa da suka haura shekara ɗari biyar, ga shi kuma masu zubin ƙararrawa sun yi ƙaranci tun da maƙerar Whitechapel ta Landan, wadda ta zuba Big Ben a 1858, ta rufe a 2017. Babbar maƙerar da ta rage ita ce ta John Taylor da ke Loughborough.

3.5.2 Maƙwabta da Ƙaramar Hukuma

Ƙararrawa ba ta zaɓen kunnen da za ta shiga. Tun a 1851, a shari'ar Soltau da De Held, kotu ta taƙaita kaɗa ƙararrawar wata majami'ar Katolika da ke unguwar Clapham a Landan saboda ta hana maƙwabci sakat. A yau Dokar Kare Muhalli ta 1990 ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin binciken ƙorafin hayaniya. Idan jami'anta suka gamsu cewa ƙarar ta zama cutarwa, za su ba da takardar umarnin dainawa ko ragewa, kuma saɓa wa wannan umarni laifi ne. Dokar ba ta ware majami'u ba. Abin da majalisar makaɗa ke iya yi a nan shi ne nasiha: a tsayar da ranar gwaji da lokacinta, a sanar da maƙwabta kafin dogon zango, a sanya murafu a tagogin hasumiya, a kuma riƙa koyarwa da ƙararrawar da aka ɗaure wa harshe, inda kwamfuta ke fitar da sautin a cikin ɗaki kawai. A 2018 an shigar da wata ƙa'ida cikin manufofin tsara gine-gine na Ingila, wadda ta ce wanda ya zo ya yi sabon gini kusa da tsohon wuri mai ƙara, irin su wuraren ibada, shi ke da alhakin kare mazauna gininsa daga ƙarar.

3.5.3 Gwamnati a Lokacin Larura

A watan Yuni na 1940, lokacin da ake fargabar mamayar Jamus, gwamnati ta haramta kaɗa ƙararrawar majami'a, ta keɓe ta a matsayin alamar gargaɗi idan abokan gaba suka sauka. An ba da izini na musamman ranar 15 ga Nuwamba, 1942 don murnar nasarar yaƙin El Alamein a Masar, sannan aka ɗage haramcin a cikin 1943. Haka kuma a watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe majami'u, kiɗa ya tsaya. A duk lokutan biyu rawar da majalisar ta taka ita ce roƙo, da tattaunawa da hukumomi, da isar da umarni ga makaɗa.

3.5.4 Kare Yara da Masu Rauni

Ana fara koyon kiɗa tun ana ɗan shekara goma ko kusa da haka, kuma koyarwar tana bukatar malami ya tsaya dab da ɗalibi, domin igiyar da ta kuɓuce na iya fizgar mutum sama. Ga shi kuma ɗakin kiɗa keɓantaccen wuri ne a saman bene. Saboda haka ikilisiya ta wajabta wa shugabannin hasumiya da masu koyar da yara su sami takardar tantancewa daga Hukumar Tantance Tarihin Laifuka, wadda aka kafa a 2012, su kuma halarci horo a kan kare yara. Wannan ita ce hanya mafi kusa da lasisi da ake da ita a wannan fasaha, amma abin da take tantancewa shi ne halin mutum. Iya kiɗansa ba ya cikin abin da take dubawa.

3.6 Misali daga Babbar Majami'ar York

Abin da ya faru a birnin York ya fito da duk abin da aka yi bayani a sama. A watan Oktoba na 2016 hukumar gudanarwa ta babbar majami'ar ta sallami dukkan makaɗanta 'yan sa-kai, su wajen talatin, waɗanda ake lissafawa cikin mafi ƙwarewa a ƙasar, ta kuma rufe hasumiya. Bayan 'yan kwanaki Akbishop na York na wancan lokaci, John Sentamu, ya bayyana cewa matakin ya shafi batun kare yara da masu rauni, da kuma rashin jituwa tsakanin hukumar da makaɗa a kan wani hukunci da ta yanke dangane da haka. Makaɗan sun yi ƙorafin cewa ba a saurare su yadda ya kamata ba, dubban mutane kuma suka sa hannu a takardar koke. Wasu makaɗa daga wasu garuruwa sun ƙi amsa gayyatar zuwa su maye gurbinsu, har aka yi Kirsimeti na wannan shekara ba a ji kiɗan sauyi daga hasumiyar ba. Sai a 2017 aka naɗa sabon shugaba, aka ɗauki sabuwar ƙungiya a ƙarƙashin sababbin sharuɗɗa.

Da a ce likitoci aka yi wa haka, da akwai kwamitin sauraron shari'a, da damar ɗaukaka ƙara, da hukuncin da zai hau kan kowa a duk faɗin ƙasar. A nan kuwa majalisar makaɗa ba ta da ikon mayar da waɗanda aka sallama, ba ta kuma da ikon gudanar da binciken da zai wanke wani ko ya kama shi. Abin da ta yi shi ne kira ga ɓangarorin biyu su sasanta. Wannan giɓi yana cutar da kowa. Ɗan sa-kai ba shi da inda zai kai kuka irin na ma'aikaci, jama'a kuma ba su da rajista guda ta makaɗa da za su dogara da ita.

3.7 Ko Ya Dace a Mayar da Majalisar Hukumar Doka?

Mai karatu na iya tambaya, tun da ga wannan giɓi, me zai hana a ba majalisar ikon doka? Akwai dalilai uku da ke nuna wahalar yin haka. Na farko, ana kafa hukumar doka ne inda rashin ƙwarewa ke jawo asarar rai ko dukiya ko azabtar da dabba. Makaɗin da ya ɓata salo bai cuci kowa ba sai kunnen masu saurare. Haɗurran da ke akwai, wato hayaniya da lalata kayan tarihi da cin zarafin yara, kowanne yana da hukumar da ke kula da shi. Na biyu, hukumomin sana'a suna gudana ne da kuɗin rajista da 'yan sana'ar ke biya duk shekara, alhali makaɗi ba albashi yake samu ba. Na uku, matsalar da ta fi damun fasahar ita ce ƙarancin mutane. Ƙararrawa takwas na bukatar mutum takwas, idan biyu suka tsufa ko suka ƙaura sai kiɗan ya gurgunce. Wannan ne ya sa majalisar ta jagoranci gangamin neman sababbin makaɗa 1,400 a 2018, don tunawa da kimanin wannan adadi na makaɗa da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta kuma sake yin wani gangamin kafin naɗin Sarki Charles na Uku ranar 6 ga Mayu, 2023. Ɗora wa mai son koyo jarrabawa da kuɗin lasisi zai ƙara korar mutanen da ake nema ido rufe.

Abin da ya fi kusa da gyara shi ne kowace majami'a ta rubuta yarjejeniya tsakaninta da makaɗanta, wadda za ta fayyace yadda ake naɗa shugaban hasumiya, da yadda ake sauraron ƙorafi, da wanda za a kai wa ƙara idan an ga an yi rashin adalci. Majalisar na iya tsara samfurin irin wannan yarjejeniya ta kuma ja hankalin ikilisiya a kai, domin wannan yana cikin hurumin nasiha da take da shi.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar hukumar kula da sana'a da siffofinta uku, an kuma kawo yadda ake kiɗan sauyi a Ingila da tarihin ƙungiyoyin masu yin sa tun daga 1637. An ga cewa Babbar Majalisar Makaɗan Ƙararrawa tana tsara ma'aunin fasaha da ajiye tarihinta, kuma makaɗa na bin ta don sun amince da ita. Ikon buɗe hasumiya ko rufe ta kuwa yana hannun limami da kotun ikilisiya, da ƙaramar hukuma, da gwamnati. Rikicin York na 2016 ya nuna inda wannan rabon aiki ke da rauni, wato wajen warware saɓani tsakanin 'yan sa-kai da masu majami'a. Darasin da za a ɗauka wajen nazarin kowace ƙungiyar masu sana'a shi ne, kafin a kira ta hukuma sai a binciki wanda ya ba ta iko, da ko shiga cikinta wajibi ne, da kuma irin hukuncin da take iya zartarwa.